Dakaren da na bayar kyauta, na dawo na karɓe

A wannan makon zan jingine batun jami'a da na siyasa, in ba ku labarin kayen da na sha ranar Asabar da ta gabata a hannun wani yaro ɗan shekara 16. A wasan ces ne, wanda wasu ke kira darar Turawa, malamanmu kuwa suka san shi a littattafan fiƙihu da sunan shaɗaranji. Shan kaye ba baƙon abu ba ne ga wanda ya shafe shekara ashirin da ɗoriya yana wasa a kulob. Na sha shi a hannun tsofaffi, na sha shi a hannun yara, na taɓa shan shi har a hannun ɗalibin da nake duba kundinsa. Amma wannan ya bambanta, domin yau kwana huɗu ke nan ina juya shi a raina, kuma duk ta inda na ɓullo sai in tarar ba yaron ne ya fara kayar da ni ba.

Na san akwai mai karatun da tuni ya yamutsa fuska. Malamai sun yi magana a kan wannan wasa tun da daɗewa: Imam Malik ya ƙi shi, littattafan mazhabarmu sun tsananta a kansa, Shafi'awa kuwa suka sassauta zuwa karhanci matuƙar babu caca kuma bai shagaltar da mutum daga salla ba. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, wannan fili kuma ba na fatawa ba ne. Abin da zan iya shaida kawai shi ne a inda muke wasa ba a ajiye ko sisi, kuma ana tsara lokaci ne yadda za a tashi kafin azahar.

Gasar ta tsakanin kulob-kulob ce ta garinmu, zagaye biyar, kowane kulob ya fito da mutum huɗu su kara da huɗun wani. Wanda ya ci yana da maki ɗaya, kunnen doki rabin maki, sai a haɗa na mutum huɗun. Mun shiga zagaye na huɗu muna na biyu a jeri, kuma da mun yi nasara a ranar, da mu ke da ta cewa a zagayen ƙarshe. Ni ne a allo na biyu, farare a hannuna, wato ni zan fara tafiya. Kowa yana da awa ɗaya a agogonsa. Da na iso na tarar da abokin karawata ya riga ya zauna, siririn yaro cikin wata rigar ƙwallo da ta koɗe, ya rubuta sunansa a takardar wasa da kyakkyawan rubutu. Ya miƙe ya rusuna ya ce, "Baba, ina kwana?" Na amsa, a raina kuwa ina cewa yau da wuri zan koma gida.

Domin wanda bai saba da wasan ba, ga ɗan bayani. A kulob da Turanci muke kiran 'ya'yan wasan, amma a nan da Hausa zan kira su. Kowane ɓangare yana da 16: sarki, sarauniya, hasumiya biyu, doki biyu, giwa biyu da dakaru takwas. Giwa ita ce mai tafiya a karkace. Turawa sun naɗa mata sarautar babban limamin coci, amma Larabawa har gobe giwa suke ce mata. Allon gida 64 ne, ana kiran kowane gida da harafi da lamba, haruffa daga a zuwa h, lambobi daga 1 zuwa 8. A kasuwar wasan ana ƙiyasta doki ko giwa da dakare uku, hasumiya da biyar, sarauniya da tara. Dakare shi ne talakan allo. Sai dai yana da halaye biyu da ya kamata a riƙe domin fahimtar labarina: ba ya taɓa komawa baya, kuma idan ya ratsa har ƙarshen allo yakan zama sarauniya.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan 'yan dara a gindin bishiya ya san cewa tun lokacin da ake jera 'ya'ya a gurabe, kafin a fara turawa, gwani yake gina cinsa. Haka abin yake a ces. Tafiya goma ko goma sha biyar na farko su ake kira buɗewa, kuma kowace tana da suna da tarihi da littattafai. Wannan ba Turawa suka fara shi ba. Wasan daga Indiya ya taso, ya bi ta Farisa ya shiga hannun Larabawa, kuma a Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa gwanaye irin su Al-Adli da As-Suli, wanda ya rasu a 946, sun rubuta littattafai suna sa wa tsare-tsaren buɗewa sunaye. Ta'abiyya suke ce musu, wato jeren rundunar yaƙi, kuma har yau manyan 'yan wasan duniya suna amfani da wannan kalma ga matsayin da aka san shi sarai a ƙarshen buɗewa.

A cikin buɗe-buɗen akwai wani dangi da ake kira gambit, inda mutum ke miƙa dakare da gangan domin ya sayi lokaci da fili. Kalmar daga bakin 'yan kokawar Italiya aka aro ta, tana nufin sa wa mutum ƙafa ya faɗi, kuma wani limamin coci ɗan Sifen mai suna Ruy Lopez ya shigar da ita littafinsa na ces a 1561. Da Hausa ba sai mun yi aro ba, taɗiya ce. Wadda nake yi kuwa tun ina ɗalibi ita ce Taɗiyar Evans.

William Davies Evans matuƙin jirgin ruwa ne ɗan yankin Wales, an haife shi a 1790, yana jigilar wasiƙu tsakanin Wales da Ailan. Ba shi ne gwanin zamaninsa ba, amma wajen 1827 ya je Landan ya kayar da Alexander McDonnell, ɗaya daga cikin manyan 'yan wasan lokacin, da wata dabara da ba a saba gani ba. Ga yadda take. Kowa ya tura dakaren gaban sarki gida biyu, kowa ya fito da doki, kowa ya fito da giwa, ta fari a c4 ta baƙi a c5. Sai a tafiya ta huɗu fari ya jefa dakarensa zuwa b4, a bakin giwar baƙi, babu mai tsaronsa. Giwa ta ci. Fari ya kore ta da wani dakaren zuwa c3, sannan ya tura na gaban sarauniya zuwa d4. Kafin baƙi ya farga, giwarsa ta yi tafiya uku ita kaɗai, fari kuwa ya mamaye tsakiya, hanyoyi sun buɗe wa sarauniyarsa da giwarsa ta biyu, kuma kowa ya sa ido a kan gidan f7, inda sarki kaɗai ke tsaro. Kuɗin wannan duka dakare ɗaya. Shekara saba'in taɗiyar nan tana zubar da manya a Turai. Mikhail Chigorin na Rasha ya riƙe ta makami a karawarsa biyu da Wilhelm Steinitz ta neman kambin duniya, a 1889 da 1892 a birnin Habana na Kyuba.

Ni kuwa ba daga waɗancan na gaje ta ba. Ina aji biyu a jami'a wani abokina ya ba ni hoton wasu shafuka na wata mujalla, tawadar duk ta dusashe, a ciki akwai wasan Garry Kasparov da Viswanathan Anand na birnin Riga a 1995, a gasar tunawa da Mikhail Tal. A lokacin an daɗe da mayar da Taɗiyar Evans kayan tarihi, sai ga zakaran duniya ya zaro ta daga rumbu ya gama da Anand a tafiya 25, watanni kaɗan kafin su haɗu a New York neman kambi. Na haddace wasan nan kamar karatun allo. Daga ranar duk wanda ya ba ni dama sai na jefa masa b4, kuma ta ci mini wasanni masu yawa, musamman a kan waɗanda ke ganin dakaren banza su rungume shi har sarkinsu ya mutu.

To, ranar Asabar ma haka muka fara. Na jefa b4, yaron bai ɗauki daƙiƙa biyar ba ya ci. Na kore giwar, ta koma a5. A nan, a tafiya ta shida, na yi kuskuren farko, kuma ƙarami ne ƙwarai har ban san na yi shi ba. Abin da littattafan zamani suka fi so shi ne a tura d4 nan take. Ni kuwa hannuna ya riga kaina, na fara killace sarki, wato wannan tafiya da sarki ke tsallaka gida biyu zuwa lungu hasumiya ta zagayo gefensa. A raina ai duk ɗaya ne, yanzu in killace in tura daga baya, ko in tura in killace daga baya. Ba ɗaya ba ne. Idan ka fara da d4 kuma baƙi ya tokare da d6, sarauniyarka tana zuwa b3 nan da nan, ita da giwa su haɗu a kan f7, dole baƙi ya yi tsaro a takure har sarauniyarsa ta tare wa giwarsa hanya. Da na ɓata tafiya ɗaya a killacewa, sai yaron ya samu numfashi ɗaya tak. Ya tura d6, na tura d4, shi kuma a tafiya ta bakwai ya ɗauki giwarsa a natse ya mayar da ita b6.

Na dubi allon na ga abin mamaki. Dakarensa na tsakiya, na e5, zan iya samunsa. In na ci da dakarena ya rama, sai in ci sarauniyarsa da tawa, ya rama da doki, dokin nan kuwa shi ne mai tsaron e5, sai dokina ya ɗauke dakaren. Lissafi ya koma shida da shida. Wato yaron yana miƙo mini kayana yana cewa ga abinka. Na yi musayar farko, ya rama, muka iso tafiya ta tara, inda hanya ta rabu biyu. Ko dai in bi wancan lissafi in karɓi dakarena sarauniyoyi su bar allo, ko in kai sarauniya b3 in ci gaba da hari ina bin bashin dakare ɗaya.

Minti ashirin da biyu na yi a kan wannan tafiya, takardar wasan tana gabana yanzu haka. Da zan ce lissafi na yi ta yi cikin mintocin nan, da na yi ƙarya. Lissafin bai wuce minti biyar ba. Sauran lokacin na tashi na leƙa sauran allunan, na ga na farko ya doshi kunnen doki, na uku muna da rinjaye, na huɗu muna cikin matsala. Na dawo na zauna na fara yi wa kaina huɗuba: kai ba yaro ba ne, wasan kulob ne ba naka kai kaɗai ba, rabin maki ma yana da amfani, ga yaro ɗan zamani da ya saba da kwamfuta, wa ya san abin da ya tanada idan ka shiga rikici? Ka karɓi dakarenka, ku shiga ƙarshen wasa, a can ne gogewa ke aiki, yara ba su da haƙurinsa. Kowace jimla a cikin huɗubar nan tana da ƙamshin hikima. Haɗuwarsu kuwa tsoro ne sanye da babbar riga. Na ci sarauniya.

Sai da ƙura ta lafa na ga abin da na saya. Dakaru shida da shida, gaskiya ne. Amma a ɓangaren sarauniya nawa biyu ne, ɗaya a a2 ɗaya a c3, tsakaninsu ramin da dakaren b ya bari, babu mai iya tsaron ɗan'uwansa. Nasa uku ne a jere kafaɗa da kafaɗa, ko ɗaya bai motsa ba. Dakaren c3, wanda na tura domin korar giwa da share wa hari hanya, yanzu ya zauna daram a gidan da dokina na biyu ya fi buƙata. A ɓangaren sarki ni ke da rinjaye, huɗu da uku, amma giwar nan da ta koma b6 ta ɗaure dakaren f2 a jikin sarkina, ba shi da ikon motsawa sai na ɓata tafiya na kawar da sarkin. Hanyoyin da na biya kuɗi na buɗe suna nan a buɗe, sai dai babu sarauniyar da za ta bi ta cikinsu. Sarkinsa da ke tsakiyar allo, wanda minti kaɗan da suka wuce shi ne abin farauta, yanzu tsakiyar ta zama masa alheri, domin a ƙarshen wasa sarki mayaƙi ne kuma nasa ya fi nawa kusa da fage. Dakaren ya dawo, amma ɓarnar da na yi wa gidana domin in bayar da shi ba ta dawowa, tunda dakare ba ya komawa baya.

Adalci shi ne in ce matsayin bai kai na faɗuwa ba. Ƙwararre zai iya riƙe shi ya tashi kunnen doki. Kuskurena na uku shi ne na ci gaba da wasa da zuciyar mai hari bayan na sallami rundunar harin. Ya kawo giwarsa ta biyu e6 muka yi musaya, ya kore dokina daga tsakiya da dakare, ya jera hasumiyoyinsa a layin d. Ni kuwa ina ta ƙirƙirar 'yan barazanar da tafiya ɗaya ke kashe su, kamar mai jifan giginya da tsakuwa. Da hasumiyarsa ta sauka d3 ta sa wa c3 ido, na tura dakaren gaba domin ya tsira, sai gidan d4 ya zama na dokinsa har abada. Wajen tafiya ta talatin dakaren ya faɗi. Daga nan uku da ɗaya ne a wancan ɓangare, sai tafiya kawai yake yi a hankali, ba gaggawa, kamar mai kora awaki gida da yamma. A tafiya ta 47, dakarensa na gida biyu da zama sarauniya, na tsayar da agogo na miƙa masa hannu. Dara ta ci gida.

Al'adar wasan ce bayan an gama a koma gefe a sake jera 'ya'ya a duba inda aka yi daidai da inda aka kauce, kuma a ganina wannan ne mafi kyawun abin da ke cikin ces. Muna isa tafiya ta tara yaron ya dakata ya ce, "Baba, me ya sa ka ci sarauniya? Ni b3 nake ta jin tsoro." Na ce masa tsufa ne. Na tambaye shi wa ya koya masa mayar da dakaren. Ya ce babu kowa, a waya yake wasa a dandalin Lichess idan yayansa ya ba shi aro da dare, kuma an sha cinye shi da wannan buɗewar. "Duk sanda na riƙe dakaren sai in ƙare ina gadinsa har a kashe ni. Shi ne na duba wasannin manya na ga suna mayarwa." Na ce, "Ɗana, ka san Lasker?" Ya yi ɗan shiru, sannan ya ce, "A wane kulob yake?"

Emanuel Lasker Bajamushe ne, ya riƙe kambin duniya shekara 27, daga 1894 zuwa 1921, abin da babu wanda ya sake yi, kuma yana da digirin dakta a fannin lissafi. Wannan komawa b6 a tafiya ta bakwai da sunansa ake kiranta, Kariyar Lasker. Ya yi ta a kan Chigorin kansa a gasar birnin Saint Petersburg ta hunturun 1895 zuwa 1896 ya ci shi, kuma daga wannan zamani ne kasuwar Taɗiyar Evans ta fara ci baya a tsakanin manya. Kafin Lasker, mafi yawan masu kariya suna ganin mutunci ne ka ci abin da aka ba ka kuma ka riƙe shi ko ana ha maza ha mata. Steinitz, da duk girmansa, ya sha murɗe rundunarsa ta koma baya a cakuɗe domin kawai kada ya saki dakaren nan, kuma ya ɗanɗana kuɗarsa a hannun Chigorin a wasan da suka yi ta wayar tangaraho a 1890 zuwa 1891. Lasker ya kalli abin ta wata fuska. Mai taɗiya ba dakare kaɗai ya bayar ba, ya kuma rusa jeren dakarunsa, kuma wannan na biyun ba a iya mayar masa. Saboda haka ka karɓi kyautar, ka bar shi ya gama rushe-rushensa, sannan ka mayar masa da abin da ake iya mayarwa ka riƙe wanda ba a iyawa. Ni na san wannan tarihi duka, har shekarunsa. Yaron bai san ko sunan mutumin ba. Shi ya tashi da maki.

Abin da ya fi ci mini rai kuwa sai da na koma gida na gano shi. Na ɗauko allo na sake bin wasan Kasparov da Anand, wanda na ce muku na haddace. A can Anand e7 ya mayar da giwarsa, sannan a tafiya ta shida ya kai doki a5 yana barazana ga giwar fari, ya bar e5 babu tsaro. Wato shi ma cewa ya yi ga abinka. Tafiyar da aka saba yi a wurin ita ce doki ya ci dakaren, lissafi ya daidaita. Kasparov bai ci ba. Ya janye giwarsa zuwa e2, ya bar bashin yana nan, kuma kafin tafiya ta ashirin ya ƙara bayar da dakare na biyu. Har aka gama sarkin Anand bai samu damar killacewa ba. Shekara ashirin da wani abu ina nuna wa yara wannan wasa ina yaba ƙarshensa, ban taɓa tsayawa a tafiya ta bakwai na tambayi kaina me ya sa mutumin ya ƙi karɓar kayansa ba. Ba na cikin masu zagin hadda, domin babu ɗan wasan kirki da bai haddace buɗe-buɗensa ba, kamar yadda babu malamin da bai fara da ita ba. Amma na haddace amsa ban san tambayar ba, kuma da wani ɗalibina ne ya yi haka a jarrabawar baka, na san irin kallon da zan yi masa.

Na bincika da kwamfuta, kuma ba ta ce da na kai sarauniya b3 da na ci wasan ba. Baƙi yana da amsoshi, wasa ne a buɗe, kowa na iya faɗuwa. Saboda haka ba cewa nake yi jarunta kullum tana biya ba, ba kuma cewa nake yi taka-tsantsan aibi ne ba. Akwai hanyar masu taka-tsantsan a wannan buɗewa ɗin kanta: maimakon b4, ka tura c3 da d3 a hankali, ka killace sarki, ka gina gidanka ba tare da ka ba kowa komai ba. Manyan 'yan wasan duniya na yau ita suka fi bi, babu wanda ya ce musu matsorata. Laifina shi ne na buɗe wasa da halin wani mutum na ƙarasa shi da halin wani. Wanda ya jefa b4 ɗan shekara ashirin ne mai hoton mujalla a aljihu. Wanda ya zauna a tafiya ta tara kuwa magidanci ne da ya saba lissafin yadda albashi zai kai ƙarshen wata, wanda in ya ga bashi jikinsa ke yin sanyi. Zanen aro ba ya rufe katara, ko da kuwa a wurin ƙuruciyarka ka aro shi.

Ina ganin irin wannan a ofis fiye da yadda nake so. Mutum zai sayar da fili ya biya kuɗin karatun digiri na biyu, ya jure shekara guda ta darussa, sai a daidai lokacin bincike, inda wahalar take kuma inda amfanin yake, wata 'yar dama ta ɓullo da za ta mayar masa da kuɗin filinsa, ya tafi da niyyar zai dawo. Kuɗin sun dawo, shekarun ba su dawo ba, takardar kuma babu. Ba na yanke wa kowa hukunci, domin na san abin da ke korar mutane, wani lokacin ma tafiyar ita ce daidai. Abin da nake cewa shi ne a ranar da ake sayar da filin ya kamata a zauna a yi tunanin wannan rana ta tsakiya, ranar da za a miƙo maka abinka a ce ga shi. Ranar farko kowa jarumi ne, ga 'yan rakiya ga addu'a. Unguwanninmu cike suke da gine-ginen da suka kai linta suka tsaya, ba su zama gida ba, ba su koma fili ba.

Sauran allunan sun ƙare yadda na hango: kunnen doki a na farko, nasara a na uku, faɗuwa a na huɗu. Aka tashi suna da biyu da rabi muna da ɗaya da rabi. Rabin makin da na sayar da harina domin in tabbatar da shi, da na same shi da an tashi biyu da biyu. Muka gangaro na huɗu a jeri. Shugaban kulob ɗinmu, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin gwamnati kuma ya fi ni shekara ashirin, bai ce mini komai ba sai da muka fito muna sa takalma. Ya ce, "Dakta, ko dai ka dawo c3 da d3 ne irin namu na dattawa?" Na ce masa zan yi shawara. Har yanzu ban gama ba, domin rabuwa da buɗewar da mutum ya girma da ita yana kama da sayar da tsohuwar motar da ta kai shi ɗaurin aurensa.

Allah Ya taimake ni ba wannan makon zan yanke ba. Ranar Asabar mai zuwa ne zagayen ƙarshe, kuma baƙaƙe ne a hannuna. An gaya mini wanda zan kara da shi, wani ma'aikacin banki mai zafin wasa, shi ma ba ya ganin giwa a c5 ya ƙyale ta ba tare da ya jefa mata b4 ba. Na riga na aika wa yaron ta hannun yayansa cewa ya zo ranar Alhamis bayan la'asar, ya zauna a ɓangaren farare, ya nuna mini abin da yake tsoro a b3.